Jan Farce a Kan Fitilun Barba Vinko

Kwalin ne ya fara faɗowa, ya dira a kan tukwanen furannina, sannan dogayen sandunan fitila guda biyu suka biyo shi ta tagar bene. Ina tsaye a ƙofar gida da tsintsiya a hannu. Da na ƙara taku ɗaya, da a tsakiyar kaina za su sauka.

"Vinko! Ka haukace ne? Furannina!"

Ya leƙo da kai ta taga, robar iska maƙale a hancinsa, yana haki amma idonsa sai ƙyalli yake yi.

"Yauwa, Zdenka, gara da kina nan. Taimaka ki taka su. Taka su da kyau, ke ce mai nauyi."

"Mai nauyi a gidanku! Sauko ka taka abinka."

Ta bayansa na jiyo muryar 'yarsa Jagoda tana cewa, "Tata, don Allah ka zauna, za ka faɗi." Tata, haka ake kiran uba a nan. Sai ga mijinta Dalibor ya sauko da gudu, ya tsince sandunan daga cikin ƙasar furannin, yana hure su yana ba ni haƙuri. Ko tsagewa ba su yi ba. Wannan kam dole in faɗa, masu ƙera abin sun iya aikinsu.

Duk unguwarmu a nan garin Rijeka Barba Vinko ake ce masa, wato Kawu Vinko, ni kaɗai nake kiran sunansa gatsau, don a saman kaina yake zaune tun ina da ƙugu. Ni ina ƙasa da shagon gyaran gashi da farce, shi yana sama da injin wasansa na filifa. Wata mashaya ce a bakin tashar jiragen ruwa ta rufe, Vinko ya karɓo injin daga can, ƙartai suka hau da shi bene suna ɗura wa juna ashar, suka ɓantare mana bangon matakala, har yau tabon yana nan. Dogon akwati ne mai ƙafa huɗu, da gilashi a sama, da hoton jirgin ruwa da wata mata mai jar riga a ciki. Ka harba ƙwallon ƙarfe, ta yi ta karo da abubuwa ana buga ƙararrawa, kai kuma kana danna maɓallan gefe kana maido ta kada ta faɗa rami. Ƙararrawar nan ta ci mini rai ba kaɗan ba. Ina tsaka da yi wa amarya gashi sai in ji gilin-gilin a sama, in ɗauki tsintsiya in daki silin, shi kuma ya rama da dunduniya. Haka muka tsufa. Matarsa ta rasu, mijina ya rasu, na rufe shago, injin bai fasa kuka ba.

A farkon bazara likita ya ce huhun Vinko ya gama aiki, kuma akwai gado a asibiti, a sashen da ake kwantar da waɗanda ba a sa ran za su dawo. Jagoda ta zo daga birnin Zagreb, inda take zaune, ta yi kuka, ta yi lallashi, ta yi faɗa. A ƙarshe, a gabana, ya ɗora hannu a kan gilashin injin ya ce, "Zan tafi. Amma sai na gama fitilun nan." Kowa ya san Vinko ba ya magana biyu, don haka Jagoda ta share hawaye ta yarda.

Fitilun kuwa da gaske ana bukatarsu. Idonsa ya yi rauni, tsakiyar filin injin ya zame masa duhu, ƙwallo sai ta ɓace masa ta bayyana a bakin rami. Sai ya kwance sandunan labulen ɗakin matarsa, ya yanke su daidai tsawon injin, yana jera musu ƙananan ƙwayayen fitila kamar ƙwayar shinkafa, yana liƙa kowanne da dalma. Da yake ma'aikacin lantarki ne a zamaninsa, wannan ba komai ba ne a wurinsa. Matsalar ita ce hasken ƙwayayen fari ne fat, shi kuma ya tsani farin haske. Shi ya sa wata rana ya sauko, da ƙyar, ya ce in ba shi ragowar kwalaben jan farcen shagona. Kowane ƙwai sai ya shafa masa jan farce, ya jira ya bushe, ya kunna ya gani. Kalar da yake nema tana tsakanin zuma da shayi, kuma a kansa kaɗai take.

Aikin ya ƙi ƙarewa, asibiti kuma suna ta kiran Jagoda a waya. Shi ne Dalibor ya yi odar fitilu haɗaɗɗu, waɗanda ake sayarwa a kwali an gama komai. Ranar da Jagoda ta kai ubanta asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa, Dalibor ya cire sandunan labulen, ya manna na kwali. Mayen ƙarfe ne ke riƙe da su, ba dalma ba komai, kafin kofi ya huce ya gama. Vinko ya dawo ya tarar da injinsa yana walƙiya, 'yarsa kuma ta ce masa, "Ka ga, Tata, an gama. Gobe sai mu tafi." Abin da ya jawo wa furannina bala'i ke nan.

Na jingine tsintsiya na bi Dalibor muka hau. Vinko yana kan kujerarsa kusa da injin, tukunyar iskarsa tana huci a gefe. Jagoda tana tsaye ta harɗe hannu, idonta ya yi ja.

"Teta Zdenka," in ji ta, wato Inna Zdenka, "ki yi masa magana. Ke kaɗai yake tsoro."

"Ni? Da yana tsorona da na yi barcin rana ko sau ɗaya a rayuwata. Dalibor, mayar da abin nan mu gani. Ba na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba."

Ya manna su, ya danna wayarsa. Ɗakin ya ɗauki haske. Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, abin ya yi kyau. Matar nan mai jar riga da na saba gani a dishi-dishi sai ga ta da 'yan kunne, ashe. Dalibor ya ƙara dannawa, hasken ya koma shuɗi, ya koma kore, ya dawo fari.

"Barba, gaya mini gaskiya," in ji Dalibor a hankali, don yaron kirki ne. "Ba ka fi ganin ƙwallon ba?"

"Na fi gani."

"To?"

"Ina ganin ƙwallo, ina ganin inda fenti ya goge, ina ganin hannuna yadda ya koma." Ya ɗaga hannun, ya juya shi a cikin hasken, duk jijiyoyi da tabon allura. "Wannan hasken asibiti ne, Dalibor. Yau da safe a ƙarƙashinsa suka kwantar da ni. Shi ne kuka kwaso mini shi har cikin ɗakina?"

"Ana iya mayar da shi ruwan ɗorawa, ga shi nan a waya..."

"Ana iya mayar da ni saurayi a wayar?"

Jagoda ta fashe. "Alkawari ka yi mini! Ka ce in an gama za ka tafi. Kullum waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi, in ce an tsince ka a ƙasa. Ina can, kana nan, kai kaɗai da wannan akwatin banza!"

"Da hannuna na yi alkawarin, Jagoda. Hannun mijinki bai yi wa kowa alkawari ba. Zan gama, zan tafi."

"Da wane hannun? Ko cokali ba ka iya riƙewa!"

Gaskiya ta faɗa, kuma ta ba ni tausayi ƙwarai, don na san irin wannan faɗuwar gaban. Amma na kalli tsohon nan da muka yi shekaru muna yaƙi ta silin, na ga yadda ya kafe a kujerarsa, sai na ji raina ya ɓaci, ba da ita ba, da duk wannan gaggawar da ake yi da shi kamar kayan da za a kai tasha.

"Ni zan shafa jan farcen," na ce. "Na yi wa rabin matan garin nan farce, ƙwan fitila ba zai gagare ni ba. Zan riƙa hawowa kullum. Ke kuma ki daina tsoron waya, in wani abu ya faru ni zan fara sani."

"Ta yaya?"

Vinko ne ya amsa. "Kullum da safe zan buga ƙwallo ɗaya. In ta ji ƙararrawa, ina nan."

"In kuma ka buga biyu zan hawo in shaƙe ka da robar nan," na ce.

Jagoda ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, muna jin takunta har ƙasa. Dalibor ya cire sandunansa ya tsaya riƙe da su, ya rasa inda zai ajiye. Vinko ya nuna masa saman teburin aiki.

"Rataye su can. Mai aiki yana bukatar haske. Ka ga sun yi amfani."

Haka muka shiga aikin. Da rana in zafi ya taso sai mu rufe tagogin katako, ɗakin ya yi duhu, mu kunna fitilun Dalibor a kan tebur. Ni ina riƙe da ƙwai da ɗan hantsaki ina shafawa, shi yana kallo yana kushewa. Warin jan farce da na dalma da na miyar kifin da nake hawo masa da ita suka haɗu suka zama warin ɗakin. Da hannunsa ya daina tsayawa gaba ɗaya, Dalibor ne ya riƙa zuwa ranar Asabar yana riƙe ƙarfen dalma, Vinko yana riƙe da wuyan hannunsa, wai don aikin ya zama nasa. Ban taɓa jin Dalibor ya yi ƙorafi ba, ko da aka sa shi ya kwance abin da ya liƙa da kyau.

Kwancewar kuwa ta yi yawa. In shafa kala, ta bushe, a kunna, Vinko ya karkata kai.

"Ya yi ja da yawa. Kamar gidan rawa. Goge."

In goge, in sake.

"Yanzu kuma kamar fitsarin doki. Goge."

Wata rana na ajiye burushi na dube shi.

"Vinko, ƙwan nan lafiyarsa lau. Daidai yake da na kusa da shi, kwalba ɗaya, hannu ɗaya."

"Goge."

"Na san abin da kake yi."

"To kin sani. Goge."

Na ɗauki auduga na goge. Daga ranar ni ma na rage sauri, na koma shafa sau uku inda sau ɗaya ya isa, kuma ko yau aka dawo da ni haka zan yi.

Amma aiki komai jansa yana ƙarewa. Zuwa ƙarshen zafi sandunan labule sun koma jikin injin, an kunna, ɗakin ya cika da wani haske mai laushi, kalar da ya daɗe yana nema. Bai kai na kwali ƙarfi ba, ko kusa. 'Yan kunnen matar nan sun sake ɓuya. Sai dai mutum in ya tsaya a gabansa ba ya son matsawa. Wuri ɗaya ne ya rage, can ƙasa a hannun hagu, daf da inda ƙwallo take gangarowa rami. Gurbin ƙwai ɗaya babu komai, wurin ya yi duhu kamar giɓi a baki.

"Saura wannan," in ji Jagoda ranar da ta zo ta gani. Ta rame, ita ma.

"Saura wannan," in ji shi. "Ƙwan ya faɗi, na neme shi na rasa. Kalar kuma ta ƙare."

Kwalbar da gaske ta ƙare, ni na jefar da ita. Tsohuwar kala ce, an daina yin ta. Jagoda ta zagaye shagunan Zagreb, ta zo da kwalabe cike da leda, duk masu kama da zuma. Na shafa, ya duba, ya girgiza kai. Wannan ta yi duhu, waccan tana da ƙyalƙyali, ɗayar kuma ya ce ko gawarsa ba za ta yarda da ita ba.

"Tata, ƙwai ɗaya ne! Wa zai gani?"

"Ni."

"Sun ce ba za su ci gaba da riƙe gadon ba."

"Su ba wanda yake so. Ni ina da aiki."

Ta juyo kaina. "Teta, ke ma da ke a ciki, ko?"

"Ni mai farce ce, 'yar nan. In mai kaya ya ce kala ba ta yi ba, ba ta yi ba."

Ta yi fushi da ni sosai, har ta daina gaishe ni a matakala. Na ji zafin abin, don a shagona aka yi mata gashin aurenta, amma ban janye ba.

Ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Ya daina cin kifi sai romo, ya daina zuwa gado sai kujera. Wata nas tana zuwa tana yi masa allura, ta yi masa faɗa, ya ce ta buga ƙwallo ɗaya ta huce. Duk da haka kullum da safe, ina ɗora kofi, sai in ji gilin-gilin a sama. Wani lokacin doguwa, wani lokacin bugu biyu ƙwallo ta faɗa rami. Sai in ɗauki tsintsiya in daki silin sau ɗaya. Dunduniyar ce ta daina amsawa, don ƙafar ba ta ɗaguwa.

Ranar da abin ya faru na dafa kofi, na zuba, na zauna ina jira. Motar shara ta zo ta wuce. Matar da ke sayar da burodi ta buɗe shago. Kofin ya huce a gabana ban kurɓa ba. Na ɗauki tsintsiya na daki silin, na sake daka, sannan na ajiye ta na ɗauki makullinsa.

Tagogi a rufe suke, injin a kunne. Yana kan kujerarsa da tsohuwar rigarsa ta saƙa mai ruwan toka, kansa ya jingina da gefen akwatin, hannunsa ɗaya a kan maɓalli. Ƙwallo tana zaune a bakin harbi, bai kai ga ja ba. Tukunyar iska tana ta huci ita kaɗai, na kashe ta. Hasken zumar nan ya kwanta a fuskarsa, har ka ce lafiyarsa ƙalau. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na yi kukana, na zage shi son raina, sannan na kira Jagoda.

Sun iso da tsakar rana. Na yi zaton za ta ɗora mini laifi, na kuma shirya amsa, amma ko kallona ba ta yi ba. Ta durƙusa ta riƙe hannunsa ta daɗe. Da masu ɗaukar gawa suka zo suka ce a ba su kayan da za a sa masa, ni da ita muka cire masa rigar saƙar. Tana ninke ta sai ta ji wani abu a aljihu. Hankici ne a ƙulle. Ta kwance.

Ƙwan fitila ne, ɗan mitsitsi, da wayoyinsa biyu a goge tsaf, a shirye. An shafa masa tsohuwar kalar nan da ta ƙare. Na gane shafin hannuna. Gefensa har ya ɗan goge saboda daɗewa a aljihu.

Jagoda ta kalli ƙwan, ta kalli gurbin da ke jikin injin, ta kalle ni.

"Kin san yana nan?"

"Ban san inda yake ba. Amma ban taɓa duba ƙarƙashin tebur ba."

Wani sauti ya fito mata, rabi dariya rabi kuka. "Tsohon banza," ta ce. "Tsohon banza mai taurin kai. Na zagaye Zagreb da ƙafata." Ta dafe baki da hankicin, na rungume ta, wannan karon ba ta ture ni ba.

Bayan an sauka da shi, muka rasa abin yi. Dalibor ya je teburin aiki ya jona ƙarfen dalma, ya miƙo hannu.

"Kawo in sa masa. Yanzu zan gama."

Jagoda ta damƙe ƙwan a tafin hannunta.

"Cire abin nan daga wuta."

"Ai don a cika masa..."

"Ya ce ba zai je asibiti ba sai ya gama. Bai gama ba, bai je ba. Bar masa abinsa yadda ya bari."

Dalibor ya zare wayar. Ya miƙa hannu kuma ya kashe fitilunsa na saman tebur, ba wanda ya ce masa ya yi. Jagoda ta ƙulle ƙwan a hankici ta sa a jakarta, ta matsa gaban injin ta tsaya inda kafet ya suɗe saboda tsayuwar ubanta. Ƙwallon da ya bari tana nan a bakin harbi. Ta ja sandar ta saki.

Ƙwallon ta haura, ta buga ƙararrawa, ta yi ta yawo cikin hasken zuma. Jagoda ba ta taɓa maɓallan ba. Muna tsaye mu uku muna kallo ta gangaro a hankali ta hannun hagu, ta shiga ɗan duhun nan ta ɓace, sannan ta fito ta wuce ƙasa.